Yadda ake bin tarihin jirgin yaƙin Ingila da kyaftin ɗinsa: misalin HMS Nigeria

Ɗalibin tarihi a Jami'ar André Salifou, ko malamin lise mai shirya darasin Yaƙin Duniya na Biyu, ko mai son sani da ke zaune a Birni ko Zengo, zai iya haɗa tarihin jirgin yaƙin Ingila tun daga ranar da aka fara ƙera shi har ranar da aka sallame shi, ko da bai taɓa ganin teku ba. Sojan ruwan Ingila mutane ne masu rubuta komai, kuma takardunsu da yawa suna intanet. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen jera bayanin: a ɗauki jirgi a madadin takwaransa, a ba kyaftin aikin amiral, a rubuta kwanan wata ɗaya inda ake da uku. Za mu bi aikin da jirgi guda, HMS Nigeria, wanda aka raɗa wa sunan maƙwabciyarmu (HMS haruffa ne da ake sa wa jiragen yaƙin Ingila a gaban suna).

Kayan aiki kaɗan ne: kaye mai shafi 100, bik baƙi da ja, salula ko kwamfuta, ƙamus na Ingilishi da Faransanci, da taswirar duniya mai nuna tekuna. A kowane shafi biyu da ke fuskantar juna ka ja layuka shida daga sama zuwa ƙasa: kwanan wata, wuri, abin da ya faru, kyaftin, amiral, da inda ka samo. Abin da ka gani a wuri ɗaya ka rubuta da ja. In ka same shi a wuri na biyu wanda bai kwafo daga na farko ba, ka maimaita shi da baƙi. Duk shafin da ka buɗe ka sauke shi cikin waya nan take, domin rezo ba ya jiran kowa.

Tabbatar da jirgin

Ingilawa suna maimaita sunan jirgi kamar yadda muke mayar da sunan kaka ga jika, saboda haka suna kaɗai ba ya isa. Ka nemi abu uku tare: suna, lamba, da shekarar da aka tura shi ruwa. HMS Nigeria lambarsa 60, an tura shi ruwa a 1939. Mu ƴan Nijar akwai tarko na musamman a gabanmu, wato HMS Niger. Wannan sunan kogi ne, kuma jirage da dama sun ɗauke shi. Ɗaya daga cikinsu, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ne ya nutsar da shi kusa da Deal a gaɓar Ingila a Nuwamba 1914. Wani, mai share nakiyoyi, ya taka nakiyar Ingilawa da kansu kusa da Aisilan a Yuli 1942. Babu ɗayansu da ya shafi jirginmu.

Nigeria kuruza ne, abin da Faransanci ke kira croiseur: bai kai manyan jiragen yaƙi nauyi ba, ya fi masu rakiya girma, ana son shi don gudu da dogon zango. Yana cikin dangin jiragen da aka sa wa sunayen ƙasashen mulkin mallaka, irin su Fiji, Kenya, Gambia, Uganda da Jamaica. Tsawonsa kusan mita 169, manyan bindigoginsa 12 masu bakin inci 6, uku-uku a mazauni huɗu. Ka mayar da ma'auni zuwa wanda masu karatunka suka sani: inci 6 milimita 152 ne, ƙafa ɗaya mita 0.3048, gudun noti ɗaya kilomita 1.852 a awa.

Ranar haihuwar jirgi uku ce, kuma nan ne ake yawan haɗa su. An kafa ƙarfensa na farko a ma'aikatar Vickers-Armstrongs da ke bakin kogin Tyne ranar 8 ga Fabrairu 1938. An tura shi ruwa ranar 18 ga Yuli 1939, a lokacin gangar jiki ce kawai ba a gama kayan ciki ba. Ya shiga aiki a Satumba 1940. Ka ba kowace layinta. Ka kuma lura da shafukan Amurkawa, su wata suke fara rubutawa kafin rana: 8/2 a wurinsu 2 ga Agusta ne.

Kyaftin daban, amiral daban

Nan ne zuciyar aikin. Wanda ya san ayarin raƙuma da ke tashi daga Damagaram zuwa Kano ko Agadas ba zai sha wahalar gane shi ba. Madugu ne uban tafiya, shi ke cewa a tashi, a sauka, a bi ta nan. Amma raƙumin da ya hau yana da mai kula da shi. Amiral madugun rundunar jirage ne, yakan zaɓi jirgi ɗaya ya kafa tutarsa a kai, shi ake kira jirgin tuta. Jirgin kuwa yana nan da kyaftin ɗinsa, mai alhakin tuƙi, ma'aikata, harbi da gyara. Nigeria ya daɗe yana jirgin tuta, shi ya sa littattafai da yawa ke ambatar amiral su manta da kyaftin.

Kyaftin na farko shi ne J. G. L. Dundas, daga 1940 zuwa tsakiyar 1942. A zamaninsa amiral biyu, Philip Vian da Harold Burrough, sun hau jirgin a ayyukan da za ka fi cin karo da su. Ranar 28 ga Yuni 1941, kusa da tsibirin Jan Mayen, Nigeria da ƙananan jirage uku sun kama Lauenburg, jirgin Jamus mai auna yanayi. Mutanen HMS Tartar ne suka hau shi suka kwaso takardun sirrin Enigma, na'urar da Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita. Sai a Agusta da Satumba na wannan shekara aka yi aikin tsibirin Spitsbergen, can arewa da Norwe, ƙarƙashin Amiral Philip Vian, aka kwashe ma'aikatan haƙar kwal na Rasha da Norwe, aka lalata ma'adinan. A kan hanyar dawowa Nigeria da wani kuruza mai suna Aurora suka nutsar da jirgin Jamus Bremse a daren 6 zuwa 7 ga Satumba. A layin amiral ka sa Vian, a layin kyaftin Dundas na nan bai motsa ba.

A wannan daren goshin Nigeria ya lalace ƙwarai. Wasu majiyoyi sun ce nakiya ya taka, wasu sun ce karo ya yi da tarkacen jirgi. Kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin labari. Ka rubuta duka biyu da ja, kowanne da mai faɗarsa.

Kyaftin S. H. Paton ya karɓi jirgin daga Dundas makonni kaɗan kafin babbar jarrabawa, wato ayarin Pedestal na Agusta 1942. Jiragen kaya 14 aka rako zuwa tsibirin Malta da yunwa da rashin mai suka addaba, 5 suka isa. Amiral Harold Burrough ne madugun masu rakiya na kusa, tutarsa a kan Nigeria. Da yammacin 12 ga Agusta, wajen ƙarfe 8, jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya saki makaman tofido, wato bama-bamai masu gudu cikin ruwa, ya sami jirage uku a harbi ɗaya: Nigeria, Cairo da tankar mai Ohio. Mutum 52 suka mutu a Nigeria. Burrough ya sauya zuwa HMS Ashanti ya ci gaba da ayari, Paton ya juya da jirginsa da ya raunata zuwa Jibralta. Duba yadda awa ɗaya ta raba layukan nan biyu na kayenka. Duk wanda ya haɗa su zai rubuta cewa shugaban jirgi ya gudu ya bar mutanensa, alhali kowa aikinsa ya yi.

Mai karatun Faransanci ya yi hattara da muƙamai. Captain na sojan ruwan Ingila shi ne capitaine de vaisseau, daidai da kanar a sojan ƙasa, ya fi kaftin mai galo uku da muka sani nesa. Commander shi ne capitaine de frégate. Sannan duk wanda ke riƙe da jirgi ana ce masa kyaftin a baki ko muƙaminsa bai kai ba. Idan jirgi ya shiga dogon gyara, sau da yawa wani na ƙasa ke riƙon ƙwarya. Nigeria ya tafi Charleston a Amurka aka yi ta gyaransa har cikin 1943, to irin wannan lokacin ne za ka binciki jerin sunaye da kyau, domin nan ake samun giɓi.

Inda ake samun sunaye da ranaku

Ka fara da uboat.net da naval-history.net don samun kwarangwal ɗin tarihi. Na farko yana kawo jerin masu riƙe da jirgi tare da ranaku, na biyu yana bin ayyukan jirgi wata-wata. Masu sha'awa ne suka haɗa su, aikinsu nagari ne, amma abin da ka ɗauko can da ja za ka fara rubuta shi.

Mai mayar da shi baƙi shi ne Navy List, littafin hukuma mai jera hafsoshi. Ɗakin karatu na ƙasar Sikotilan ya sa na shekarun yaƙi a intanet kyauta. Hanya biyu ake shigarsa: ta jerin sunayen hafsoshi, inda za ka ga jirgin da kowa yake, ko ta jerin jirage, inda za ka ga duk hafsoshin jirgi da kwanan wata a gefen suna. Wannan kwanan watan ranar naɗi ce. Mutum na iya samun naɗi yana Landan jirgin yana wata duniya, ya yi makonni kafin ya hau. Shi ma littafin yana da ranar da aka rufe gyaransa, an rubuta ta a farko, saboda haka sauyin da aka yi bayanta sai a fitowa ta gaba. Ka duba fitowa biyu a jere kafin ka ce wane ya sauka a wata kaza. Fayil ɗin yana da nauyi, in kuɗin intanet ɗinka kaɗan ne ka buɗe shafin da kake so kawai.

Asalin takardun suna taskar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan, kuma binciken kundin sunayensu kyauta ne. Rukunin ADM 53 shi ne littafin yini na jirgi, ADM 199 rahotannin ayyukan yaƙi, ADM 196 tarihin aikin hafsoshi. Sa'ar mai bin kuruza ita ce littattafan yini na manyan jirage sun tsira, na ƙananan jirage kuwa na shekarun yaƙi yawancinsu babu su. Sai dai kada ka sa rai da labarin yaƙi a littafin yini. Abin da ke ciki shi ne inda jirgi yake, iska, gudu, wanda ya hau da wanda ya sauka. Don tabbatar da ranar da sabon kyaftin ya karɓi aiki babu kamarsa. Labarin fafatawa kuwa a ADM 199 yake. Kwafin waɗannan biya ake yi, don haka ka ware wata ɗaya ko biyu da ka fi buƙata.

Lambobin yabo suna jaridar hukuma ta London Gazette, amma ranar da aka buga yabo takan zo watanni bayan aikin da aka yi shi dominsa. Sunayen mamata suna shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, CWGC. Ka sa sunan jirgi da 12 ga Agusta 1942, ka ƙara kwana biyu ko uku a gaba saboda waɗanda rauni ya kashe daga baya.

Awa ma tana da tarkonta. Rahotannin sojan ruwa suna rubuta lokaci da lamba huɗu da harafi. Z agogon Girinwic ne, A ya fi shi da awa ɗaya, wato daidai da agogonmu na Nijar, B ya fi shi da biyu. In rahoton Ingila da na Italiya sun saɓa da awa ɗaya cif, ka duba harafin kafin ka ce wani ya yi kuskure.

Sauran shekarun

Bayan gyara Nigeria ya koma Tekun Indiya, yana cikin rundunar da ta kai wa Japanawa hari a Sabang, cikin Indonesiya ta yau, a 1944. Bayan yaƙi ya yi aiki a Kudancin Atalantika daga Simonstown a Afirka ta Kudu, kuma a 1948 an tura shi wajen tsibiran Falkland lokacin takaddama da Ajantina da Cile.

Mutane da yawa nan suke rufe kaye, alhali saura fiye da rabin rayuwar jirgin. Indiya ta saye shi a 1954, aka gyara shi a Birkenhead, ya shiga aikin sojan ruwan Indiya ranar 29 ga Agusta 1957 da sunan INS Mysore. Shekarun nan biyu duka daidai ne, ɗaya ta ciniki, ɗaya ta fara aiki. A hotunan wannan zamani za ka ga mazaunin bindiga uku, bindigogi 9, domin an cire ɗaya na baya, kada ka ce wani jirgi ne. Kyaftin ɗinsa na farko a Indiya S. M. Nanda ne, wanda ya zama shugaban sojan ruwan ƙasar a lokacin yaƙin 1971 da Pakistan. Jirgin ya yi aikin karɓe Goa daga hannun Fotugal a 1961, an sallame shi a 1985. Daga 1957 Navy List na Ingila ba zai ƙara yi maka amfani ba. Ka ja layi a kaye, ka rubuta sabon suna da lamba C60 a saman shafi, ka koma neman Mysore a tarihin sojan ruwan Indiya.