Yadda Ake Gane Tabon Firgici a Jikin Majinyaci da Yadda Ake Taimaka Masa Ya Warke

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a wurin mutumin da ya tsallake rijiya da baya a haɗari, ko yaƙi, ko fyaɗe, ko duka tun yana ƙarami. Zai iya ce maka ya daɗe da mantawa, amma da zarar ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ka ga kafaɗunsa sun ɗage, numfashinsa ya ɗauke. Likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk ya yi fice da bayanin cewa jiki yana riƙe abin da baki ya kasa faɗa. Ga yadda mai aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa zai bi wannan hanya.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da aminci. Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta tsara warkewa daga firgici hawa uku a shekarar 1992, ta sa aminci a kan gaba, kafin tuna abin da ya faru da kuma komawa cikin jama'a. Ka bincika ko haɗarin ya wuce da gaske, domin wanda har yanzu yake kwana gida ɗaya da mai cutar da shi, jikinsa yana da gaskiya idan ya ƙi sakewa. Haka kuma a sa likita ya duba shi, saboda bugun zuciya da rawar jiki suna iya fitowa daga ciwon zuciya ko matsalar maƙoƙo.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne buƙatar haƙuri, shi ne lura. Idan wani ɓangare na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ya hango barazana, yakan sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, ya shirya faɗa ko gudu, idan kuwa duka biyun ba za su yiwu ba sai jiki ya sandare. Alamomin shirin faɗa ko gudu a fili suke: numfashi sama-sama, gumi a tafin hannu, haƙora a cije, ƙafa tana karkaɗawa, ido yana yawan komawa bakin ƙofa. Sandarewa ce take ruɗin masu aiki da yawa, domin tana kama da natsuwa. Muryar majinyaci takan yi ƙasa, ido ya kafe wuri guda, ya ba da labari mai tayar da hankali babu ko alamar damuwa, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko kamar yana kallon kansa daga nesa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ci gaba, kuma kada ka ɗauke shi taurin kai. Likitan ƙwaƙwalwa Dan Siegel ya kira tazarar da ke tsakanin waɗannan yanayi biyu tagar juriya a shekarar 1999, wato iyakar da mutum zai iya jin zafin abu kuma hankalinsa yana tare da shi. Duk aikinka a cikin wannan taga yake, idan majinyaci ya fita daga cikinta sai a dakata da labari.

Daga nan sai ka sauya irin tambayarka. Maimakon ka ce masa me ya sa yake jin tsoro, ka ce, “Yanzu da kake wannan magana, a ina kake jin abin a jikinka?” Da yawa ba su da amsa da farko, don haka ka ba su kalmomi su zaɓa: nauyi ne, ko zafi, ko ɗaurewa, ko sanyi, a ƙirji yake ko a ciki ko a maƙogwaro.

Kafin ku taɓa abin da ke ciwo, ka koya masa hanyar dawowa. Ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ji yadda kujera ta tallafe bayansa, ya juya kai a hankali ya ambaci abubuwa biyar da yake gani a ɗakin. Ya ja numfashi, sannan ya fitar da shi a tsawon lokacin da ya fi na shaƙa, domin hakan yana rage saurin bugun zuciya. Sai dai a kula, akwai wanda rufe ido ko mai da hankali kan numfashi ke ƙara firgita shi, irin wannan sai a bar shi da idonsa a buɗe, ya riƙe wani abu a hannu.

Sai bayan wannan ya zauna za a kusanci tabon, kuma kaɗan-kaɗan. Masanin jinyar firgici Peter Levine, wanda ya yi bayanin hanyarsa a wani littafi a 1997, ya lura cewa dabbar daji da ta kuɓuta daga mafarauci takan yi karkarwa sannan ta ci gaba da kiwo. Ya koyar da a riƙa lilo da hankalin majinyaci: ya ɗan tsaya a kan ɗaurewar ƙirji na daƙiƙoƙi, sannan ya koma wani wuri a jikinsa da yake lafiya, ko da yatsan hannu ne, sannan ya sake dawowa. Idan rawar jiki, ko hamma, ko hawaye, ko ajiyar zuciya suka zo, kada ka katse su, ka gaya masa cewa ba wani abin tsoro ba ne. Wata masaniyar jinyar firgici, Pat Ogden, kuma ta ƙara da barin jiki ya kammala motsin da aka hana shi, misali idan ka ga hannun majinyaciya yana ɗagowa kamar za ta ture wani, ka ce ta tura bango a hankali tana jin ƙarfin damtsenta. Duk wannan ana yin sa ba tare da ka taɓa kowa ba, kuma bai halatta ka taɓa ba sai da horo da izini bayyananne, wanda majinyaci zai iya janyewa duk lokacin da ya ga dama.

Ka ware mintuna goma na ƙarshen kowane zama don dawo da shi hayyacinsa, kada ya fita titi jikinsa yana ɓari. Ka kuma sani cewa binciken da aka yi kan waɗannan hanyoyi na jiki bai kai na wasu yawa ba. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinya ta gyaran tunani da ɗabi'a mai fuskantar firgici, da kuma hanyar motsa idanu ta EMDR wadda Francine Shapiro ta ƙirƙiro. Idan mafarkai masu ban tsoro suka ƙi raguwa, ka haɗa aikinka da ɗaya daga cikinsu, idan kuwa majinyaci ya ambaci tunanin kashe kansa, ka sada shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar.