Yadda ake naɗa wakili a ɗaurin aure

Ba kullum ne ango ko waliyyin amarya ke samun halartar ɗaurin aure ba, wani yana wata ƙasa, wani ba lafiya, wani kuma yana nan amma ya fi so wani babba ya tsaya masa. Shari'a ta yarda da haka, ai Annabi (SAW) yana Madina aka ɗaura masa aure da Ummu Habiba tana Habasha, Najjashi sarkin Habasha ne ma ya biya sadakin, dinari 400. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar wakilcin nan kamar aiken kasuwa, a ce wa mutum "je ka tsaya mana" shikenan.

Da farko a tabbatar waye waliyyin, don shi ke da ikon wakiltawa a ɓangaren mace. Budurwar da mahaifinta ke raye shi ne waliyyinta, baffa ko yaya ba za su tsallake shi ba sai in shi ya ba su. In ba ta da kowa, alƙali ne waliyyinta. A mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya mace ba ta ɗaura wa kanta aure, Hanafiyya ne suka yarda baliga mai hankali ta yi.

Sannan a nemi yardar yarinyar tun kafin a tura kowa. Budurwa shirunta ya isa, bazawara kuwa sai ta furta da bakinta. Kuma a faɗa mata sunan mijin, ba wai "za mu aurar da ke" kawai ba. Khansa'u bintu Khizam mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba ta so, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren.

Toh sai zaɓen wakili. Wakilin waliyyi dole ya cika sharuɗɗan waliyyi, namiji, musulmi, baligi, mai hankali, kuma ba ya cikin haramar hajji ko umara. Na ango Malikiyya sun fi sassautawa, amma shi ma in yana cikin harama ba zai karɓa ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen ba da wakilcin. In kai ne ango ka faɗa wa wakilin ƙarara, na wakilta ka ka karɓa min auren wance 'yar wane a kan sadaki kaza, lakadan ko ajalan. In gidan akwai 'yan mata da yawa wallahi kar ka bar sunan a dunƙule. In da hali ka faɗa gaban mutum biyu ko ka rubuta ka sa hannu, ko da ta waya ka yi maganar a samu waɗanda suka san muryarka, saboda ranar da aka yi musu su ne za su raba gardama. Wakili kuma ba shi da ikon wuce abin da aka ce masa, in ya ƙara sadaki da kansa ƙarin ba ya hawa kan ango sai ya amince. Kuma kar waliyyi ya wakilta mutum biyu kowa ya je ya ba wani daban, in hakan ta faru asali na farko ne mijin, duk da Malikiyya sun ce in na biyu ya riga ya tare da ita bai sani ba to matarsa ce.

A wajen ɗaurin, gaban shaidu biyu adilai, wakilin waliyyi zai ce na aurar wa wane da wance, wakilin ango ya ce na karɓa wa wane. Ya ambaci sunan angon, kar ya ce "na karɓa" ya yi shiru kamar wa kansa yake karɓa.

In ka canza ra'ayi kafin a ɗaura, ka sanar da wakilin nan take ka janye wakilcin, gaban shaidu in zai yiwu.