Kurakuran da aka fi yi wajen gasa barkonon shishito a gida

Shishito barkono ne na ƙasar Japan, kore, siriri, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, fatarsa kuma a ɗan yamutse take. Sunansa ya samo asali daga kalmar shishi, wato zaki, domin mutanen can suna ganin bakinsa yana kama da kan zaki. Lardin Kochi da ke tsibirin Shikoku ne ya fi noma shi, kuma a ƙananan gidajen abinci da ake kira izakaya akan soke shi a tsinke a gasa a kan garwashi, ko a tsoma shi a ƙulli a soya. A gida kuwa ba ya buƙatar komai sai kasko, da cokali ɗaya na mai, da gishiri, da minti biyar. Duk da wannan sauƙi, na gaji da ganin mutane suna sayensa da tsada a shagunan kayan abincin Asiya, suna lalata shi ta hanya iri ɗaya, sa'annan su ce ba shi da daɗi.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jefa shi a mai da jiƙarsa, ba tare da an huda shi ba. Ranar da na fara gwadawa ina da baƙi a falo, ina sauri, sai na wanke shi a ƙarƙashin famfo na juye shi kai tsaye cikin man da ya riga ya yi zafi. Ruwan da ke jikinsa ya sa man ya fara tartsatsi, kafin in ja da baya guda biyu suka fashe da ƙara kamar an taka balan-balan, mai da 'ya'yan barkono suka watsu mini a wuyan hannu. Na yi kusan mako biyu ina fama da bororo, tabon kuma yana nan har yau. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani: cikin shishito kogo ne mai iska da ɗan danshi, fatarsa kuma siririya ce, saboda haka idan zafi ya kama shi tururin da ke ciki yana neman hanyar fita, in bai samu ba sai ya ɓarke fatar. Tun daga ranar nake wanke shi da wuri, in baza shi a faranti, in bi shi ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙarau, sa'annan in soka wa kowane tsinken sakace sau ɗaya ko biyu a gefe. Akwai masu cewa idan man kaɗan ne ba sai an huda ba. Ni dai ina huda kowane guda, wanda kuma bai taɓa ƙonewa ba yana iya ci gaba da gardama.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin ya fito ne daga ɗabi'ar da muka taso da ita. Mu da muka saba a jajjaga tattasai da attarugu a bar su a wuta har tsaminsu ya fita, hannunmu ba ya yarda cewa barkono zai nuna a cikin minti biyar. Sai ka ga mutum ya rage wuta, ya cika kasko maƙil, ya ɗora murfi, yana ta juyawa kamar mai soya kayan miya. Abin da zai sauke a ƙarshe shi ne tarin barkono mai yaushi, wanda korensa ya dushe, ya sha mai ya yi lagwab, babu ƙamshin gashi ko kaɗan a jikinsa. Wannan ai turarawa ce, kuma wanda ya yi haka bai ci shishito ba balle ya yanke masa hukunci. Na taɓa tsayawa a kan wata ƙanwata tana wannan aika-aika, na ce ta cire murfin, ta ce tana tsoron kada ya ƙone, alhali ɗan baƙin nan da take gudu shi ne daɗin abin gaba ɗaya.

Yadda nake yi shi ne in ɗora kaskon ƙarfe mai kauri a wuta mai ƙarfi babu komai a ciki, in bar shi minti uku ko huɗu har sai ɗigon ruwa ya ƙafe nan take idan ya taɓa shi. Man gyadar a kwano nake zuba shi, in cuɗanya barkonon a ciki don kowane ya samu ɗan shafi, maimakon in tsiyaya shi a kasko. Daga nan sai in jera su shimfiɗa ɗaya, kowane yana taɓa ƙarfen, in ɗauke hannuna na minti ɗaya zuwa biyu. Idan gefen ya yi ɗigo-ɗigon baƙi fatar ta kumbura, sai in girgiza kaskon su juya. Tsakanin minti huɗu zuwa shida an gama, yana da laushi amma da sauran ƙwarinsa. Idan barkonon yana da yawa a raba shi gida biyu ko uku, hakan ya fi a cunkusa shi wuri guda.

Batun yaji ma yana ruɗa mutane ta fuska biyu. A ma'aunin Scoville, wanda ake auna zafin barkono da shi, shishito yana tsakanin 50 da 200 ne, attarugu kuwa yana haura 100,000, don haka ga bakin Bahaushe kusan ganye ne. Wasu idan suka ɗanɗana ba su ji komai ba sai su barbaɗa masa yajin tsire har ɗanɗanonsa ya ɓace, wanda asara ce ta kuɗi. A ɗaya gefen kuma, an saba cewa kusan ɗaya cikin goma yakan fito da yaji, musamman idan shukar ta sha zafin rana ko ƙarancin ruwa, kuma ido ba ya iya tantance shi da tabbas. Saboda haka kada a miƙa wa ƙaramin yaro ko mai ciwon gyambon ciki faranti a ce masa babu yaji, a faɗa masa gaskiya tun farko.

Sauran ƙanana ne. Kada a cire hancinsa, domin da shi ake riƙewa a ci a ajiye. Kada a tsaga shi a fitar da 'ya'yan, taushi gare su kuma ana cinye su tare. Gishiri mai ɗan gari-gari bayan an sauke ake sa shi, tare da matsin lemon tsami, don in aka sa da wuri yana jawo ruwa. Man riɗi gasasshe yana saurin ƙauri a wuta mai ƙarfi, ɗigo biyu a ƙarshe sun isa, haka ma ruwan waken soya da Japanawa ke kira shoyu, wanda nake zubawa bayan na kashe wuta. Girke-girken Japan da yawa suna buƙatar mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, to a sani cewa na ainihin yana ɗauke da giya wajen kashi 14 cikin 100. Ni ɗan sukari nake sawa a madadinsa, ko ma in bar shi.

Wanda bai samu shishito ba yana iya amfani da barkonon Padron na yankin Galisiya a ƙasar Sifen, halinsu kusan ɗaya ne. Koren tattasai namansa ya yi kauri da yawa ga wannan gashi, shambo kuwa yajinsa ba zai bari a ci goma a jere ba. A ci shishito da zafinsa a cikin minti goma na farko, domin yana hucewa yake saki. Idan ya yi saura ba na ɗumama shi, yanka shi nake yi in zuba a wainar ƙwai da safe.