Kurakuran da ke kashe okid a gida, da yadda ake kauce musu

Okid shukar fure ce ta ado, kuma wadda aka fi samu a gidaje ita ce Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da dogon karan fure. A dajin da ta fito, a kudu maso gabashin Asiya, ba a ƙasa take tsirowa ba. Manne take a jikin bishiya, saiwoyinta a waje, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya kauce wa yawancin asarar da ake yi, domin galibin okid da ke mutuwa a gida ba sakaci ne ke kashe su ba, kulawa ce irin wadda ta dace da wata shukar daban.

A fara da saiwa, don a nan matsalar take farawa tun ganye bai nuna komai ba. Saiwar okid tana da wata riga mai kama da soso da ke tsotse ruwa. Idan ta bushe sai ta yi fari-fari kamar azurfa, idan ta sha ruwa sai ta koma kore. Shi ya sa tukunyar roba mai haske, wadda ake ganin cikinta, ta fi kowace tukunya amfani. Muddin saiwoyin suna kore kuma akwai raɓa a jikin robar, kada a ƙara ruwa, ko da an yi kwana 10 ba a ba ta ba. Ban ruwa da lissafin rana, kamar a ce duk Juma'a, kuskure ne, saboda tukunyar da ke bushewa a kwana 5 lokacin zafi tana iya kai mako biyu a jiƙe lokacin sanyi. Idan tukunyar ba mai haske ba ce, a soka busasshen tsinke har tsakiya, a bar shi minti 10. In ya fito da danshi, a dakata. In lokaci ya yi, a zuba ruwa sosai har ya riƙa zuba ta ƙasa, ko a tsoma tukunyar cikin ruwa minti 10 zuwa 15, sannan a bari ta tsane sarai.

Akwai tarkon da ke cin mutane da yawa. Ganye ya yi laushi, ya yamutse kamar tsohuwar fata, sai mai shuka ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Alhali sau da yawa saiwoyin ne suka riga suka ruɓe saboda yawan ruwa, shukar ba ta da abin sha da shi. Kafin a ƙara ko ɗigo ɗaya, a zare ta daga tukunya a duba. Lafiyayyiyar saiwa tana da tauri in an matsa ta. Ruɓaɓɓiya kuwa launin ƙasa ce ko baƙa, tana laƙwas, kuma in an ja ta rigar sai ta saɓule ta bar wani siririn zare. A yanke duk irin wannan har zuwa inda ke da rai, a bar shukar ta sha iska na wasu sa'o'i, sannan a mayar da ita cikin sabon ɓawon itace, wanda ake dasa ta a ciki maimakon ƙasa, a ƙaramar tukunya. Ko saiwa biyu ko uku ne suka rage tana iya farfaɗowa, amma sai an yi haƙuri na watanni, kuma ganyen da ya yamutse ba lallai ne ya koma yadda yake ba.

Sabuwar okid takan zo da abubuwa biyu a ɓoye. Na farko, tukunyar ado ta waje wadda ba ta da huji, inda ruwa ke taruwa a ƙasa ba a sani ba. Na biyu, dunƙulen gansakuka ko soso da aka rene ta a ciki tun tana ƙarama, wanda ke can ƙarƙashin gindinta. Ɓawon gefe zai bushe, shi kuwa dunƙulen yana nan sharkaf. Da zarar furen ya ƙare, a cire dunƙulen a hankali.

Ƙasar lambu ba ta da wuri a tukunyar Phalaenopsis. Abin da ake amfani da shi ɓawon itace ne da aka tanada don okid, gutsattsari kamar santimita 1 zuwa 2, wani lokaci a haɗa da gawayi kaɗan. Shi ma ɓawon yana ruɓewa ya zama gari ya toshe iska, don haka a canza shi duk shekara ɗaya zuwa biyu. A jiƙa sabon ɓawo ya kwana a ruwa kafin amfani, in ba haka ba ruwa zai riƙa wucewa ta jikinsa bai kama ba. Kada a ba ta babbar tukunya don a kyautata mata; tsakiyar babbar tukunya ba ya bushewa. Saiwoyin da suka fito sama suna lilo kuma a ƙyale su, aikinsu suke yi.

Asarar da ta fi sauri ita ce ruɓewar zuciya, wato ƙoƙon da sabon ganye ke fitowa daga ciki. A daji shukar a karkace take, ruwa ba ya zama a wurin. A tukunya kuwa tsaye take, ƙoƙon ya zama kamar ɗan kofi. Ruwa ya kwana a ciki, bayan 'yan kwanaki ganyen tsakiya ya yi rawaya daga gindi, a taɓa shi ya zare. Phalaenopsis daga wannan wuri ɗaya take girma, don haka in ya lalace sai dai a jira ko za ta fitar da 'ya daga gefe. A ba da ruwa da safe, a zuba a kan ɓawo, kuma in ya shiga ƙoƙon a murɗa tishu a tsotse shi nan take.

Hasken rana kai tsaye da rana tsaka yana iya ƙona ganye a yini guda: wurin ya yi fari, daga baya ya yi baƙi, kuma ba ya warkewa. Taga mai fuskantar gabas ta fi dacewa, ko a sa labule marar kauri. A taɓa ganyen, in yana da zafi a matsar da ita. Ganye kore mai duhu sosai tare da rashin fure shekara da shekaru alama ce ta ƙarancin haske. Tana jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos. Idan ƙunshin fure ya yi rawaya ya zube tun bai buɗe ba, a duba ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na bugun ta, ko akwai 'ya'yan itace masu nuna a kusa, domin suna fitar da iskar etilin da ke kakkaɓe fure.

Taki kuwa, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba ya isa, kuma a kan jiƙaƙƙiyar saiwa. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da zallan ruwa mai yawa. Farin gishiri a bakin tukunya da baƙin kan saiwa suna nufin taki ya yi yawa. Ba a ba shukar da ta rasa saiwa taki don ta farfaɗo, ƙara ƙona ta zai yi.

Almakashi ɗaya na iya yaɗa cuta daga shuka zuwa shuka, kuma cutar bairos a jikin okid ba ta da magani. A gasa bakin almakashin a wuta kafin a koma kan wata, ko a yi amfani da sabuwar reza ga kowace. Garin kirfa yana busar da wurin da aka yanka a ganye ko kara, amma kada a barbaɗa shi a saiwa, busar da ita zai yi. Sabuwar shuka a ware ta mako 3 zuwa 4, ana leƙa ƙarƙashin ganye da matsatsin gindinsa. Ƙwari farare masu kama da auduga a goge su da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, saboda ƙananan da ke ƙyanƙyashewa daga baya.

Akwai kuma okid da ake zubarwa da ransu. Fure ya zube ba mutuwa ba ce. In karan furen ya bushe, a yanke shi kusa da gindi. In yana kore, ana iya yankewa kamar santimita 2 sama da gaɓa, wataƙila ya sake reshe. Ganye ɗaya na can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi, tsufa ne. Dendrobium nobile ma, wadda wani nau'in okid ce, takan zubar da ganyenta a lokacin hutu, ta bar sanduna tsirara. Waɗannan sandunan su ne rumbun ruwa da abincinta, kuma a jikinsu fure ke fitowa, don haka muddin suna da tauri a rage mata ruwa, a daina taki, a bar su a inda suke.