Yadda Ake Duba Ginin LEGO Da Wani Ya Ƙirƙira Da Kansa

LEGO ƙananan bulo ne na roba da ake harhaɗawa a yi ginin wasa.

1. Fara da ja baya kamar taku uku. Idan mota ce ko jirgi, ya kamata ka gane shi daga nesa ba tare da an yi maka bayani ba.

2. Matso ka duba ma'auni. Ɗora ɗan mutum-mutumin LEGO, irin wanda aka fara fitarwa a 1978, kusa da ƙofa. Zai iya shiga? Nan ne da yawa suke faɗuwa, gini ya yi kyau amma ƙofa ta yi wa mai gida kaɗan. Ka tuna falle uku, wato siraran bulon LEGO, daidai suke da tsayin cikakken bulo ɗaya, da su gwani yake gyara tsayi kaɗan-kaɗan.

3. Duba ɗaurin bulo. Kamar ginin magina ne, kowane bulo ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa. Idan an jera su sambal, bango zai tsage.

4. Launi. Ni dai fiye da uku yana gajiyar da idona.

5. Kada ka ɗaga ginin sai da izini.

6. In za ka yi magana, fara da abin da ya burge ka, sannan ka kawo gyara ɗaya tak, ka nuna wurin da yatsa.