Darasi na 7: Zaɓen tawul don wankin mota marar ɗauraya

A Sakkwato kowa ya san darajar ruwa. Idan aka shiga watan Maris har zuwa Mayu, zafi yakan wuce awo 40, rijiyoyi su ja baya, mai kura ya ƙara wa jarka kuɗi. Kafin nan kuma hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka wanke mota da hantsi, kafin la'asar yara sun rubuta sunansu da yatsa a gilashin baya.

Shi ya sa wasu masu wankin mota da direbobin gida suka fara wanki marar ɗauraya. Ana zuba wani ruwan magani kaɗan a bokiti ɗaya, a jiƙa tawul, a goge mota, a tsane ta, ba tare da an sheƙa mata ruwa ba. Maganin yana sa datti ya yi santsi ya saki fenti. Amma tunda babu ruwan da zai tafi da dattin, tawul ne zai kwashe shi. Idan tawul ɗin bai da kyau, yashin da ke kan mota zai koma kamar takardar gurza katako a hannunka.

Kalmomin da za mu koya

Karanta su da ƙarfi, sannan ka kwafe su a littafinka: tawul, zare, gashi, fenti, ƙura, karce, giram, santimita, maikirofaiba.

Ta ƙarshen tana da tsawo. Raba ta gaɓa-gaɓa: mai-ki-ro-fai-ba. Ma'anarta zare mai matuƙar siranta, wanda da shi ake saƙa tawul ɗin da ya dace da wannan wanki.

Me ya raba shi da tsumma?

Yawancinmu da tsohuwar singileti ko yankin zane muke goge mota. Ni ma haka na yi shekaru, kullum da safe, a busasshiyar ƙura. Ranar da na tsaya na dubi baƙar motata a tsakiyar rana, sai na ga jikinta duk zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Ba kowa ya yi mini ba, hannuna ne.

Dalilin shi ne, a saman kalar mota akwai wani fenti garai-garai mai sheƙi wanda bai kai kaurin takardar littafin nan ba. Ƙurar da ke sauka a kansa kuma garin yashi ce, yashi ya fi fenti tauri. Tsumman auduga ba ya da wurin ɓoye yashin, sai ya riƙa jan sa a kan fenti.

Zaren maikirofaiba na roba ne, ya fi siliki siranta. Idan aka miƙe sili ɗaya mai tsawon kilomita 9, nauyinsa ba zai wuce giram 1 ba. A masana'anta kuma ana tsattsaga kowane sili, ya zama yana da 'yan lungu-lungu. Cikin waɗannan lungunan ƙura da ruwa ke shigewa, su yi nesa da fenti.

Lambobi uku a jikin leda

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Ba sai ka iya Turanci ba, lambobi kawai za ka nema.

Na farko, girma. Za ka ga 40 x 40. Wato santimita 40 a tsaye, 40 a kwance. Wannan girman shi ne daidai da hannu wajen wanki. Idan ka ga 60 x 90, babba ne, na tsane ruwa.

Na biyu, haɗin zare. Za ka ga 80/20 ko 70/30. Lambar farko kason foliyesta ce, ta biyu na nailan, wato irin zaren roba biyu da aka haɗa. Foliyesta ke kama datti, nailan ke taimakawa wajen shan ruwa da laushi. Mai 70/30 yakan fi laushi, yakan kuma fi tsada. Mai 80/20 ma yana aiki sosai. Idan ka ga 100 kaɗai, babu nailan ke nan, bar shi don goge taya ko takalmi.

Na uku, haruffa uku: GSM. A aji na baya da na rubuta su a allo, wani dattijo ya ce, "Malam, tawul ma layin waya gare shi?" Aka yi ta dariya. Wannan GSM ba na waya ba ne. Yana nufin nauyin yadin: giram nawa ne a faɗin mita ɗaya tsaye, mita ɗaya kwance. Lamba babba, tawul mai kauri da yawan gashi. Lamba ƙarama, tawul shara-shara.

A nan mutane ke ruɗewa, suna ganin wanda ya fi kauri shi ya fi kyau. Don wanki, nemi tsakanin 350 zuwa 500. Irin wannan yana da gashin da yashi zai nutse a ciki, kuma idan ya jiƙe ba ya yin nauyin da zai gajiyar da hannu. Mai 200 ko ƙasa da haka ba shi da gashin kirki, bai dace da fenti ba. Mai 800 ko 1,000 kuma yana shanye rabin ruwan bokitinka, matse shi aiki ne, bushewarsa ma aiki ne. Wurinsa tsane ruwa a ƙarshe, ba wanki ba.

Akwai wani iri mai 'yan ramuka murabba'i kamar saƙar zuma, ba shi da dogon gashi. Wannan na gilashi ne, ba ya barin zane-zane.

A kasuwa

Karanta wannan hira. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama mai saye, ɗaya mai shago.

"Salamu alaikum, Alhaji. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Mi kake biɗa, Malam?"

"Tawul na mota. Mai 40 x 40."

"Ga wanga, ɗan waje na, ya fi kowane."

"To, Alhaji, ban ga lamba a jikin ledar ba. Ka yi haƙuri in taɓa shi."

"Taɓa mana. Kaya ai ba su tsoron hannu."

Sau da yawa haka za ka tarar, a Babbar Kasuwa ko wurin masu kayan mota na bakin titi: tawul ba leda, ko leda ba lamba. Wani lokaci ma lambar na nan amma ba gaskiya ba ce. To sai ka koma ga hannunka.

Shafa tawul ɗin a tafin hannu, inda fata ta yi kaushi. Na gaske yakan ɗan kama fata, kamar yana riƙe ta. Da hunturu wannan gwaji ba ya wahala, duk hannunmu a bushe yake. Wanda ya zame sumul kamar yadin mayafi, zarensa ba a tsaga shi ba, ba zai kwashi ƙura ba.

Ɗaga shi ga haske. Idan kana hango rana sosai ta cikinsa, shara-shara ne.

Ja gashinsa da yatsu biyu. Idan ya biyo hannunka, haka zai zube a kan mota.

Duba bakinsa. Wannan mutane suna mantawa da shi, alhali sau da yawa ta nan karce ke fitowa. Wasu ana daje bakinsu da zare mai tauri, wasu kuma ana ƙona bakin da zafi har ya yi kaifi. Nemi wanda bakinsa ke da laushi, ko wanda ba shi da dajiya sam. 'Yar takardar da ake ɗinkawa a gefe kuma, cire ta gaba ɗaya kafin tawul ya taɓa mota.

Shawarata, sayi guda ɗaya tukuna. Ka je gida ka ɗiga masa ruwa. Na kirki zai shanye nan take, na banza ruwan zai tsaya a kansa yana gangarawa. In kana da tsohon faifan CD, goga tawul ɗin a gefen mai sheƙi, ka duba a rana. In ya karce faifai, kada ka yarda da shi a kan fenti. Idan ya ci jarrabawa, sai ka koma ka sayi sauran.

Guda nawa?

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a sayi ɗaya mai tsada. A gari mai ƙura irin namu, tawul 8 masu matsakaicin kyau sun fi ɗaya na alfarma, domin ko na zinariya ne, da ya cika da yashi ya zama abin karce.

Ninka tawul biyu, ka sake ninka shi biyu. Yanzu yana da fuska 8: huɗu a ciki, huɗu a baya. Goga sau ɗaya, a miƙe, ba zagaye ba, kuma kada ka danna. Ɗaga ka duba. In ya yi datti, juya sabuwar fuska. Idan fuskokin sun ƙare, jefa shi a wani bokiti na daban. Tawul ɗin da ya taɓa mota ba ya komawa cikin ruwan magani. Da haka ruwan bokitinka zai zauna tas har ka gama.

Ƙaramar mota za ta ci tawul 6 zuwa 8 na wanki, da babba 1 ko 2 na tsanewa. Babur na kabu-kabu, 2 sun isa. Fara daga rufi, ka sauko gilashi, bonet da ƙofofi, ƙasan ƙofa ya zama na ƙarshe domin nan ne datti ya fi yawa. Goge ƙofa ɗaya, tsane ta, sannan ka wuce ta gaba. A zafin Sakkwato ba a barin ruwa ya bushe da kansa, tabo zai bari. Yi aikin bayan asuba ko da yamma, a inuwa. Idan ka ɗora hannu a bonet ka ji zafi, dakata.

Raba aiki da kala, don ko yaron da bai fara karatu ba ya gane: misali shuɗi na fenti, ɗorawa na gilashi, baƙi na taya da wili. Na taya ba ya hawa jikin mota har abada.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara: wannan wanki yana da iyaka. Motar da ta dawo daga ƙauye da damina, laka ta bushe a jikinta, ko wadda ta yi mako biyu a ajiye hazo ya lulluɓe ta, tawul kaɗai ba zai iya da ita ba. Sai an fara watsa mata ruwa yashin ya sauka. Ko a ranar da ƙurar ba ta da yawa, yana da kyau ka zuba ruwan maganin a kwalbar feshi, ka fesa wa wurin, ka ɗan jira, sannan tawul ya biyo baya.

Wanke tawul da ajiye shi

Wanke su su kaɗai. Idan ka haɗa da kayan auduga, za su kwashe gashin audugar su riƙe, su zo su zubar a gilashi. Sabulun ruwa ya fi, domin garin omo yakan maƙale a cikin gashi in bai narke ba. In omo kake da shi, narkar da shi sarai tukuna, ka ɗauraye sosai. Kada ka sa bilic. Kada ka sa ruwan ƙamshin nan mai sa tufafi laushi, yana toshe lungunan zaren, tawul ya daina shan ruwa. Kada ka kai shi wurin mai guga, kada ka shanya shi kusa da murhu. Zaren roba ne, zafi mai yawa yana ƙona bakinsa ya yi tauri.

Shanya a igiya, a inuwa, inda iska ba ta kawo ƙura. Kada a shanya a ƙasa, ko kan zana, ko kan ciyawa. Wanda ya taɓa cire ƙarangiya daga ƙafar wandonsa ya san abin da nake nufi. Maikirofaiba ya fi wando kama ta, kuma ƙaya ɗaya da ta ɓuya a cikin gashi ta isa ta ja layi daga fitilar gaba har ta baya. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa kana cikin aiki, ajiye shi, ɗauki wani. Idan sun bushe, saka su a bokiti mai murfi ko leda a ɗaure.

Lissafi

Kowane magani da awonsa, kullum ka karanta jikin kwalba. Wani sananne daga Amurka, Optimum No Rinse, awonsa kashi 1 na magani cikin kashi 256 na ruwa. Wato kusan mililita 30 a ruwa lita 8. Babban cokali cike yana ɗaukar kusan mililita 15.

1. Cokali nawa za ka zuba a ruwa lita 8? Lita 4 fa?

2. Jarka mai lita 25 za ta cika bokiti mai lita 8 sau nawa? Lita nawa za ta rage?

3. Tawul ɗaya yana da fuska 8. Tawul 6 fuska nawa ke nan?

4. Tawul mai 40 x 40 da GSM 350, nauyinsa giram 56 ne. Guda 10 giram nawa za su yi a sikeli? Idan ka auna guda 10 ka samu giram 320, mai shago ya faɗi gaskiya a kan lambar?

Aikin gida

Rubuta jimla uku a kan abin da ake goge mota ko babur da shi a gidanku ko wurin aikinku. Ranar darasi mai zuwa, wanda yake da tawul ko ledarsa ya zo da shi. Zan kawo faifan CD biyu da kofin ruwa, mu gwada su a tsakar makaranta kafin rana ta faɗi.