Darasi na 6: Sana'ar Hannu, Uwa da Riba

Kashi na 1: Me hannunku ya iya?

Ku buɗe sabon shafi. A can sama, daga hagu, kowa ya rubuta abu ɗaya da ya iya, wanda mutane ke biyo shi gida suna cewa "don Allah yi mini." Suyar ƙosai, ƙuli-ƙuli, kitso, ɗinki, gyaran babur, ko dukanci irin na mutanen Marwa. Ɗaya tak. Kada ku ji kunyar rubutunku, ko ya karkace zan karanta.

Kashi na 2: Uwa da riba

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Kuɗin da kuka sayi kaya da su, sunansu uwa. Abin da ya hau kai bayan an sayar, shi ne riba. Riba ake ci, ba a taɓa uwa.

Ku ja layi daga sama zuwa ƙasa, a tsakiyar shafin. Hagu ku rubuta FITA. Dama ku rubuta SHIGA.

Ga misali. Inna mai ƙosai a Garwa ta sayi wake na sefa 1,000, da man Diamaor, wato man audugar kamfanin Sodecoton, na 700. Niƙa 100, itace 300, albasa da barkono da gishiri 200. Duk wannan a ɓangaren FITA. Ku haɗa a hankali: 2,300. Ita ce uwa. Da hantsi ta ƙirga ciniki, 3,000. Wannan a ɓangaren SHIGA.

Nawa Inna ta samu? Idan kun ce 3,000, ku sake dubawa, ba laifi. A fara cire uwa. An cire 2,300 daga 3,000, saura 700. Wannan 700 kaɗai ce tata. Sauran na waken gobe ne.

Wani abu kuma. Baki yana ƙirga da dala, takarda kuwa da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce, kamar yadda riyal yake a bakin mutanen Chadi. To dala ashirin 100 za ku rubuta, ba 20 ba. Ku duba jikin ƙwandalar, lambar da ke kai ita za ku kwafa.

Mu koma ga uwa. Ku samo gwangwanin madara biyu. Ku rubuta U, wato uwa, a jikin ɗaya, R, wato riba, a jikin ɗayan. Da an tashi ciniki, kafin a ci abinci, kafin yara su kewaye ku, ku fara cika gwangwanin U. Abin da ya rage shi ke shiga R. U tukuna, sannan R.

Bara wata dattijuwa a ajin nan ta kwance bakin zanenta a gabana. Silalla uku da tsohuwar takardar 500, ita ke nan. Ta ce, "Malam, wallahi ciniki nake yi kullum, amma kuɗin ba sa zama." Na ce, "Inna, ina na waken gobe?" Sai ta yi shiru. Ashe gudummawar biki da kuɗin cefane duk daga ƙullin nan guda suke fita.

Na faɗa a darasi na 4, na sake faɗa makon jiya, amma har yanzu ina ganin littattafan da babu kuɗin itace a ciki. Itace kyauta ake ba ku? Kuɗin babur zuwa kasuwa fa? Tikitin kasuwa fa? Duk abin da ya fita saboda sana'a uwa ne, ko dala biyar ce. Ku manya ne, wasunku sun haife ni, bai kamata in yi ta maimaita magana ɗaya ba. A cire uwa tukuna.

Kashi na 3: Bashi

Ku ware shafin ƙarshe. Suna, kwanan wata, kuɗi. Ko ƙaninku ne, ku rubuta. Kuɗin da ke hannun wani ba su shiga SHIGA sai ranar da ya biya.

Kashi na 4: Ajiya

Zubin adashi daga gwangwanin R yake fita. Mai waya yana iya ajiyewa a Orange Money ko MTN, amma cirewa da caji. Kada ku ba kowa lambar sirri.

Kashi na 5: Talla

Ku gaya wa maƙwabta.

Aikin gida

Ku rubuta FITA da SHIGA na kwana uku, ku cire uwa, ku kewaye riba. A zo da littafi ranar Laraba, kowa da fensirinsa, don nawa na aro sun ƙare.